Itacen ɗiya a tsakar gida: dashe a damina, hisabi a bazara

Daga wakilinmu a Maraɗi

Kowace shekara idan ranar 3 ga watan Agusta ta kewayo, wato ranar da Nijar ta samu ƴancin kanta a 1960, wadda kuma tun 1975 ake bikin dashen itace a cikinta, za ka ga hukumomi da sarakuna da ƙungiyoyin mata da matasa sun fito da sassafe, kowa riƙe da ɗan itacensa cikin baƙar leda. A gina rami, a sa itace, a zuba masa ruwa da sabuwar arozuwar, a ɗauki hoto, mu kuma ƴan rediyo mu naɗi jawabai mu koma tasha. To amma duk wanda ya sake bi ta wuraren nan cikin watan Afrilu, lokacin da bazara ta tsaya sosai, ya san abin da yake tararwa: wani wurin busasshen tsinke, wani wurin ramin kaɗai ya saura.

Abin da ke faruwa a bakin hanya shi ne ke faruwa a cikin gidajenmu, sai dai a gida babu mai ɗaukar hoto. A shirin noma da kiwo da nake gabatarwa a gidan rediyonmu, da zarar an ambaci itace tambaya ɗaya ce masu saurare suka fi bugo waya a kanta: mutum ya dasa, itace ya kama ya yi kore shar, daga baya kuma ya bushe, mene ne dalili? Ba na yi wa masu wannan tambaya dariya, domin ni ma na sha wannan ruwa. Shekarar da na tare a gidana na sauka bakin gulbi na sayo ƴan itace biyar, mangwaro biyu, gwaiba ɗaya, lemun zaƙi ɗaya da lemun tsami ɗaya. Mangwaron farko akuyar uwargida ta cinye shi a wuni ɗaya. Na biyu gara ta ƙwaƙule shi lokacin da na yi tafiyar sati biyu cikin watan Maris. Gwaibar da ledarta na binne ta, don ban san ana cirewa ba. Lemun zaƙin kuwa son da na yi masa ne ya kashe shi, kullum ina kwarara masa ruwa a gindi har ya ruɓe. Lemun tsami kaɗai ya tsira, kuma ba dabarata ba ce: ramin nasa ya faɗo ne kusa da dutsen da mutanen gida ke tsugunawa su yi alwala.

Tudu ba fadama ba ne

Idan ba a manta ba, tsohon garin Maraɗi a cikin fadamar gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi sannan aka hau tudu aka yanka sabon gari. Garake suka tsaya can ƙasa, daga Tarna har Jiratawa da Safo da Madarunfa, inda ƙasa ke da laka kuma ruwa yake kusa. Mu da ke bisa tudu rairayi muka samu, wanda ke shanye ruwa kamar an zuba a rariya. Ruwan saman da muke samu a shekara yana kai-komo ne wajen milimita 500, cikin wata uku zuwa huɗu, daga nan sai wata takwas babu ko ɗigo. Wanda ya ga mangwaro ya yi dandazo a bakin gulbi ya ce zai yi irinsa a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba tare da lissafi ba, to ya shirya asarar kuɗinsa.

Ba wai mutanen wannan jiha ba su san darajar itace ba ne. A nan garin aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a 1984. A nan ne kuma, tun daga 1983, manoma tare da wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo suka kama aikin da ake kira sassaben zamani, wato barin kututturen gona su sake toho ana rage musu rassa, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itace kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 na ƙasar nan. To amma gawo da kalgo da sabara suna da tsohuwar saiwa a ƙarƙashin ƙasa wadda ta san hanyar ruwa tun kaka da kakanni. Ɗan mangwaron da ke cikin leda baƙo ne, saiwarsa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, kuma sai an ɗauki nauyinsa rani biyu ko uku kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa kusan kowane gida a garin nan akwai dogon yaro, wanda wasu ke ce wa bedi, don shi ba ya neman komai wurin kowa. Inuwarsa babu laifi, amma ba a taɓa ganin yaro ya ƙoshi da ɗiyansa ba. A jihar da ta ga abin da tamowa ta yi wa yara a 2005, gwanda ko mangwaro a tsakar gida ba kayan ado ba ne, domin bitamin A da ke cikinsu shi ne wanda likitoci ke cewa yana kare idon yaro da ƙarfin jikinsa.

A ƙirga ruwa kafin a sayi itace

Ga lissafin da nake yi wa masu saurare, kowa kuma yana iya gwada shi da alƙalami. A ƙasar rairayi ɗan itace sabon dashe yana son bido ɗaya mai lita 25 duk bayan kwana uku daga ɗaukewar ruwa har ƙarshen ɗari, sannan bido ɗaya duk bayan kwana biyu daga Maris har saukar damina. Idan aka haɗa, abin ya kai kusan bido 100 a rani ɗaya, wato lita 2500, don itace ɗaya tak. Wanda ya dasa biyar ya ɗauko wa kansa bido 500. Idan a wurin ƴan ga-ruwa yake saye, sai ya buga kuɗin da farashin bazara, ba da na damina ba, domin a lokacin da itacen ya fi ƙishirwa a lokacin ne famfo ke ɗaukewa kuma ruwa ke tsada.

Sai dai akwai ruwan da muke zubarwa kullum ba mu ƙirga shi ba. Gidan da ke da masu salla shida, idan kowa ya yi alwala da lita ɗaya sau biyar, lita 30 ke nan a wuni, ya ma zarce bido. Ga ruwan ɗauraye kwanoni, ga na wanke shinkafa da ganye, ga wanda ya kwana a randa ake zubarwa da safe. Ban ce ruwan tsari ba, wannan na tumaki ne, kuma duk namijin da ya nemi taɓa shi zai ji daga bakin matan gida. Wannan ruwa shi ne fifikon tsakar gida a kan bakin hanya, kuma shi ne ya ceci lemun tsamina. Don haka kafin mutum ya tambayi inda itace zai yi kyau a ido, ya fara duba inda ruwan gidansa ke malala. Abin da za a kiyaye shi ne ruwan wanki mai omo da jabel, wanda ke tara gishiri a ƙasa ya ƙone bakin ganye. Ruwan wanka na sabulun gari kuwa ayaba da zogala da manyan itace suna ɗauka, amma kada a ba jariri.

Yadda ake ba da ruwan ma abin dubawa ne. Yayyafin moɗa ɗaya kullum yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwa ta taso sama tana binsa, ranar da aka yi fashi rana ta dafa ta. Gara a ba shi da yawa lokaci ɗaya, da yamma ko da asuba, ruwan ya nutse ƙasa saiwa ta bi shi. Tsohuwar dabarar nan ta binne tulu har wuya a gefen itace, kamar kamu ɗaya daga gindi, a riƙa cika shi yana tsattsafowa a hankali, har yau babu wadda ta fi ta a gidan mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ba shi da tulu ya huda tsohon bido da ƙusa ya binne. A rufe bakin da faifai ko fasasshen kwano saboda sauro. Sannan a shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gujiya ko busasshen ganye a kewaye don rana ta daina shan rabon itacen, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da gindi.

Wane itace ya dace da wane gida?

Kowa mangwaro yake fara tambaya, ni kuwa shi nake ajiyewa a ƙarshe. Wanda bai taɓa raya itace ba ya fara da lemun tsami. Yana da haƙuri, ba ya cin wuri, idan yana samun ruwa yana ba da ɗiya kusan duk shekara, kuma babu gidan da ba a neman sa don kunu da shayi da zoɓo, balle da azumi. Rumman ma haka, ɗan ƙarami ne mai jure ƙishirwa, cikin shekara biyu zuwa uku ya fara, illarsa ɗaya ce: idan aka bar shi ya bushe sannan aka cika masa ruwa lokaci ɗaya, ɗiyan su tsage tun suna bisa. Gwaiba tana farawa cikin shekara biyu ko uku, kuma bitamin C da ke cikinta ya ninka na lemun zaƙi, abin da mutane da yawa ba su yarda ba sai an maimaita musu.

Akwai wani itace da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba, wato magarya mai aure. A farkon shekarun 2000 cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, a ƙarƙashin aikin Farfesa Dov Pasternak, ta yaɗa irin magaryar ƙasar Indiya, kamar Gola da Umran, ana aura su a kan gindin magaryarmu ta gida, aka sa musu suna Pomme du Sahel, wato tufar Sahel. Saiwar tamu ce, wadda ta san fari, ɗiyan kuwa sun ninka na daji sau da yawa, ana gatsa kamar tufa. Tana iya ba da ɗiya tun shekarar farko ko ta biyu bayan aure, kuma tana nuna ne cikin ɗari, lokacin da babu mangwaro a kasuwa. Sharaɗinta shi ne a yi mata aski mai tsanani kowace shekara bayan an gama tsinka, domin a sabon reshe take haihuwa. Tana da ƙaya, don haka ba a sa ta inda yara ke guje-guje. Ga wanda ruwa ya yi wa wuya, musamman mutanen Damagaram da na arewacin jihar nan, ban san wani itacen ɗiya da ya kai ta ba.

Gwanda ita ce ta mai gaggawa da ɗan haya, domin kafin shekara ta cika an fara ci. Amma akwai namiji akwai mace, akwai kuma mai haɗe da duka biyun, kuma ba a gane su sai sun yi fure. Namiji furensa ƙanana ne a kan dogon sili yana reto, macen kuwa furenta babba ne manne da jiki. Saboda haka a shuka uku a rami ɗaya, idan sun nuna kansu a bar mai haihuwa a cire sauran, a bar namiji ɗaya idan babu wani a unguwa. Masu kafa wa namijin ƙusa don ya koma mace suna ɓata ƙusarsu ne. Gwanda ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi, kwana biyu ya isa ya kashe ta, don haka a ɗan tayar mata da ƙasa. Bayan shekara uku ko huɗu ta yi tsawo ta rage haihuwa, sai a sake wata. Dabino kuwa, wanda ya shuka ƙwallo ya sani kusan rabi maza ne, kuma sai ya jira shekaru kafin ya san abin da ya samu. Mutanen Ingal da Bilma ɗan da ya tsiro a gindin uwa sananniya suke cirewa su dasa, kuma da hannu suke yi masa barbara.

To sai mangwaro. Babban itace ne, a garka tazarar mita 8 zuwa 10 ake ba shi. Gidan da ke da mita 20 a tsaye 20 a kwance, idan aka cire ɗakuna da madafa da makewayi da turken dabbobi, wurin mangwaro ɗaya ne ya rage, ba uku ba. Ɗan gida mai zare, wanda aka shuka daga ƙwallo, sai ya shekara shida ko fiye kafin ya fara, amma yana da ƙarfin hali. Mai aure, wanda masu garka ke ce wa girefe, irin su Amélie da Kent da Keitt, cikin shekara uku zuwa huɗu yake farawa kuma ba ya yin girman na gida. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya sha Kent mai daɗi ya ce bari ya shuka ƙwallon. Zai fito, amma ba lallai ya haifi irin uwarsa ba, kuma sai bayan shekaru da asarar ruwa mai shi zai gane. Wani abin kuma, babban mangwaro yana son a ɗauke masa ruwa bayan damina har ya yi fure cikin ɗari, sannan a koma ba shi. Idan yana sha kullum ganye zai yi ta yi. Ke nan wurin alwala na lemu ne da gwaiba, mangwaro a kai shi wani gefe.

Sayen ɗan itace da ginar rami

A wurin masu rainon itace kada ido ya ruɗi mutum ya ɗauki wanda ya fi tsawo. Wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta nannaɗe kamar gammo, ko ta huda ƙasan ledar ta shiga ƙasa an tsinke ta da ƙarfi. Mai tsawon santimita 50 zuwa mita ɗaya, mai kauri da lafiyayyen ganye, ya fi. Idan an ce mai aure ne, a duba tabon auren da ido, wurin da jiki biyu suka haɗu suka warke. Akwai masu ɗaura ƴar leda a jikin ɗan gida su sayar da shi da kuɗin mai aure, ni ma an taɓa yi mini, sai da na kwance a gida na ga jiki sumul. Wanda bai iya ganewa ba ya tafi da wanda ya sani, ko ya nemi shawarar ma'aikatan gandun daji ko na cibiyar INRAN da ke Tarna.

Rami tun cikin watan Mayu ake gina shi, ba ranar dashe ba. Santimita 60 zuwa 80 ta kowane gefe, haka ma zurfi, inda ƙasa ke da tauri a kai mita ɗaya. Ƙasar sama a tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A gauraya ta saman da ruɓaɓɓen taki kamar bokiti biyu ko uku da ɗan toka, a mayar da ita cikin ramin, a bari ruwan farko ya daddale ta. Na ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙone saiwa kuma yana kiran gara.

Game da lokaci, ra'ayina shi ne kada mai gida ya jira 3 ga Agusta. Ranar biki ce mai kyau, amma daga ita zuwa ɗaukewar ruwa bai fi sati shida ko bakwai ba. Wanda ya dasa da zarar damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ya ba itacensa ƙarin wata guda na ruwan Allah kyauta, kuma wannan watan yana iya zama bambancin rai da mutuwa a Afrilu. A dasa da yamma. A tsaga ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, a yanke abin da ya nannaɗe a ƙasa. Kada a nutsar da shi fiye da yadda yake a leda, kuma tabon aure ya tsaya sama da ƙasa sosai. A danne da ƙafa, a ba shi bido ɗaya, a kafa masa sanda saboda iskar hadari.

Akuya, gara da ƙuda

Ranar da aka dasa, ranar ake kewayewa, ba gobe ba. Akuya ba ta san an kashe kuɗi ba. Ƙayar magarya, tubalin da aka jera da ƴan kafofi don iska, tsohon tonno da aka cire wa gindi, ko waya ga mai hali, duk suna yi, muddin tsawon ya wuce inda akuya ke kaiwa idan ta miƙe da ƙafa biyu. Tonno dai yana ɗaukar zafi a bazara, sai a huhhuda shi.

Gara ta fi kama itacen da ƙishirwa ta riga ta raunana, shi ya sa ta ci nawa lokacin da na yi tafiya. Maganinta na farko ruwa a kan kari, sannan toka da dakakken ɗiyan dogon yaro a kewaye, da kankare ginin da take yi a jikin itacen duk lokacin da aka gani. A nan ina roƙon iyaye da su bar zuba piya-piya da sauran magungunan da ake sayarwa a kwalabe marasa suna a gindin itacen tsakar gida. Wurin nan ne yara ke rarrafe, kaji ke tono, kuma abin da aka zuba ba ya tsayawa inda aka zuba shi.

Lemu kowane iri yana da ciwonsa na daban. Idan ruwa yana taɓa gindinsa kullum, sai ka ga ɓawo ya tsage yana fitar da ƙaro, ganye ya yi rawaya, reshe-reshe yana mutuwa. Abin da ya kashe lemun zaƙina ke nan. Maganin shi ne kewaye biyu: ƙaramin tudu a jikin gindi wanda ruwa ba ya haurawa, sai babban kewaye a waje, a zuba ruwan tsakaninsu, kuma a riƙa faɗaɗa shi daidai da faɗin inuwar itacen. A mai aure kuma, duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure a cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba gindin zai rinjayi abin da aka aura masa, a wayi gari da ɗan gida. Kauci idan ya hau reshe a sare reshen daga ƙasa da inda ya kama. Akwai kuma aikin da ya fi kowanne ciwo a rai: cire furen ɗan mangwaro mai aure a shekara biyun farko. Mutum yana ganin fure ya fara lissafin ɗiya, amma itacen da ya haihu tun yana jariri tsugunewa yake yi.

Masu manyan itace kuwa kukansu ɗaya ne, mangwaro ya yi kyau a waje a yanka a tarar da tsutsa. Wani ƙuda ne ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Macen tana huda ɓawo ta sa ƙwai, ɗan itacen ya ruɓe ya faɗo, tsutsar ta shiga ƙasa ta fito sabon ƙuda. Yana kama gwaiba da lemu da magarya ma. Yawansa yana ƙaruwa da saukar ruwan farko, shi ya sa Amélie mai nuna da wuri ya fi tsira, Kent da Keitt masu jinkiri suka fi shan wuya. Abin da mai gida zai iya ba tare da ko dala ba shi ne tsince duk wanda ya faɗo kowace safiya, a ƙulle a baƙar leda a ajiye a rana kwana biyu, ko a binne da zurfin da ya wuce kamu ɗaya. Jefa shi bayan katanga kiwon ƙudan ne. Kuma da yake ƙuda bai san iyakar gida ba, aikin ba ya tasiri sosai sai maƙwabta sun yi tare.

Katanga, maƙwabci da mai ban ruwa

Daminar 2024 ta nuna wa mutanen Maraɗi abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Kada a yi wurin ban ruwa a jikin bango. Lemu da gwaiba da rumman a ba su aƙalla mita 2 zuwa 3 daga katanga, mangwaro mita 5, kuma a nisanta shi da salga da rijiya da wayar lantarki. Wanda ya matsa wa katangar maƙwabci, shekara biyar masu zuwa zai sha sallama, ko don ganyen da ke cika musu gida, ko don yaran da ke jifa dutse yana faɗawa bisa kwano. Reshen da ya tsallaka, abin da ya fi sauƙi shi ne a bar wa maƙwabci abin da ke kansa tun kafin ya tambaya. Malamai ma suna tunatar da mu cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga abin da ka dasa sadaka ne, ko da yake ban ga wanda wannan ya hana shi korar jemagu ba. Masu dabe tsakar gida da siminti, abin da ya zama yayi yanzu, su bar wa kowane itace fili buɗaɗɗe na aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe. Ɗan haya kuwa ya nemi izinin mai gida kafin ya sa babban itace, in ba haka ba ya tsaya ga gwanda da zogala, ko rumman a cikin rabin tonno wanda zai iya ɗorawa a amalanke ranar tashi.

Akwai maganar da maza ba su cika son ji ba idan na faɗe ta a rediyo. Namiji ne ke sayo itace ya dasa ya kira abokai su gani, amma wadda ke gida da tsakar ranar Afrilu, ta ga ganye ya langaɓe ta ɗauki bokiti, ita ce ta raya shi. Yawancin itacen da suka mutu a gidajenmu an dasa su ne ba tare da an shawarci wadda za ta yi ban ruwan ba, an ƙara mata aiki a kan daka da girki da reno, ba a kuma ce mata ɗiyan nata ne ba. A gidana mun daɗe da raba wannan gardama. Lemun tsamin nan yanzu ya fi ɗakin tsawo, da azumi ana ajiye tire a ƙofar gida ana sayarwa kashi-kashi, kuɗin kuma na uwargida ne, da su take sayen sabulu da littattafan ƴan lakwal. Ni da na sayo shi, idan ina son biyu don shayi sai na yi sallama na tambaya.